'Yan Jefi-Jefi da Makomar Wasan Labari na Tebur

A watan Disamba na 2022 shugabannin kamfanin Hasbro na Amurka suka zauna da masu zuba jari, suna nuna musu ta inda kuɗi zai shigo nan gaba. Da magana ta zo kan Dungeons & Dragons, Cynthia Williams, wadda a lokacin take shugabantar reshen Wizards of the Coast mai wannan wasa, ta ce wasan bai taɓa samun farin jini irin na yanzu ba, amma abin da ake samu daga jikinsa bai kai yadda ya kamata ba. Ta kuma kawo lissafi: masu jan wasa, wato masu jagorantar labarin a tebur, ba su wuce kashi 20 cikin ɗari na jama'ar ba, amma su ne suka fi kowa zaro kuɗi daga aljihu. Wato a teburin mutum biyar, ɗaya ne ke sayen littattafai. Sauran huɗun zuwa suke yi, su yi wasa, su ci abin taɓawa, su kama gabansu.

A kan waɗannan huɗun, 'yan jefi-jefi, ake ta cacar baki. Kamfani yana kallonsu a matsayin gonar da ba a nome ba. 'Yan gani-kashe-nin wasan, waɗanda suka yi shekara talatin suna haddar dokoki, wasunsu suna kallonsu a matsayin baƙin da suka cika ɗaki suka rage wa miya gishiri. Ni kuwa ina ganin dukansu biyun sun ɗora ido a inda ba nan matsalar take ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Mutum huɗu zuwa shida ne za su zauna kewaye da tebur. Kowa ya ƙirƙiri jarumi guda, ya rubuta a takarda ƙarfinsa da wayonsa da makamansa. Mutum ɗaya ba shi da jarumi, shi ne mai jan wasa, kuma duk abin da ba jaruman nan ba shi ne: sarki shi ne, ɗan fashi shi ne, hadarin da ya taso ma shi ne. Zai ce, "Kun iso bakin gada, ga mutum uku da takubba sun tare hanya." Sai 'yan wasa su faɗi abin da za su yi, ko faɗa, ko lallashi, ko su bi ta ƙarƙashin gada. In abin da mutum ya zaɓa yana iya yiwuwa yana iya ƙi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai ita wannan fuska ashirin gare ta. Tatsuniya ce da masu sauraro suka karɓe rabin bakin mai bayarwa, aka kuma bar wa sa'a alƙalanci. Zama ɗaya yakan ci awa uku zuwa huɗu, labari ɗaya kuma ana iya yin shekara ana binsa mako-mako.

Abin da masu ƙorafi kan 'yan jefi-jefi suke mantawa shi ne, tun ranar farko da su aka gina wasan. Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin da Dave Arneson na Minnesota suka fitar da shi a 1974, ƙananan littattafai uku a cikin akwati, kwafi 1,000, kowanne dala 10. A cikin littafin farko an rubuta cewa labari ɗaya zai iya ɗaukar 'yan wasa daga huɗu har zuwa hamsin, kuma alƙali ɗaya, wato mai jan wasa, ya ishi mutum kamar ashirin. Ba wai mutum ashirin za su zauna a tebur ɗaya rana ɗaya ba. Abin nufi, akwai kogon ƙarƙashin ƙasa da mai jan wasa ya zana, duk wanda ya samu zuwa yau sai a shiga da shi, a fito kafin a tashi. Wanda bai zo ba bai ɓata wa kowa komai ba. Tsarin da aka saba da shi yanzu, na mutum biyar ƙayyadaddu da dogon labarin da ba ya motsi in ɗaya ya yi fashi, daga baya ya zo. Shi ne kuma ya mayar da mai zuwa jefi-jefi abin haushi.

Waɗancan littattafai uku dai ba sa karantuwa ga baƙo. An rubuta su ne don mutanen da suka riga suka saba da wasan yaƙi na 'yan sojojin dalma, har ma ana tura mai karatu ya nemi wani littafin dokoki daban, Chainmail na 1971, don ya san yadda ake faɗa. Wani likitan ƙwaƙwalwa, John Eric Holmes, shi ya nemi a ba shi dama ya sake tsara su yadda yaro zai gane, aka fitar da akwatin masu koyo a 1977. An sake shi a 1981, sannan a 1983 aka fito da jan akwatin nan da Frank Mentzer ya shirya, wanda yake koya wa yaro wasan shi kaɗai a ɗakinsa, shafi bayan shafi, ba tare da wani babba a kusa ba. Yawancin dattawan da ke gunaguni a yau ta wannan ƙofa suka shigo, suna 'yan shekara goma sha biyu, ba su san rabin dokokin ba.

Akwai kuma maƙwabcin da ya kamata a duba, don shi ya gwada ɗaya hanyar har ƙarshenta. Wasan yaƙi na taswira da 'yan katuna, wanda kamfanonin Avalon Hill da SPI suka yi fice a kansa, ya yi tashe sosai a shekarun 1970. Masu sayensa na haƙiƙa kullum ƙarin dalla-dalla suke nema, kamfanoni kuma suna ba su. A 1979 SPI ta fitar da The Campaign for North Africa, wanda aka ƙiyasta sai mutum goma sun yi awa 1,500 kafin su gama shi. A cikinsa har da dokar da ta ce sojojin Italiya suna buƙatar ƙarin ruwa saboda dafa taliya. Abin dariya ne, abin burgewa ne kuma, amma ba wanda zai gayyaci abokinsa na ofis ya zo ya ɗanɗana wannan da yammacin Asabar. SPI ta durƙushe a 1982, Avalon Hill kuma aka sayar da ita ga Hasbro a 1998. Ba tsananin dokoki kaɗai ya kashe kasuwar ba, wasannin kwamfuta sun ja mutane, shi kansa Dungeons & Dragons ya kwashe matasa da yawa. Amma lokacin da iskar ta kaɗo, babu sababbin shiga da za su tare ta, domin an daɗe da ɗaga bakin ƙofa sama da inda ƙafar baƙo za ta kai. Wasan yaƙin bai mutu ba, har gobe ana buga shi, sai dai ya koma sha'anin tsirarun mutane masu furfura.

Dungeons & Dragons ma ya kusa bin sawu. A shekarun 1990 kamfanin TSR, mai buga wasan a lokacin, ya riƙa fitar da duniyoyi iri-iri da tulin littattafai ga mutanen da suka riga suka mallaki tuli, har bashi ya danne shi, Wizards of the Coast ta saye shi a 1997, Hasbro kuma ta saye Wizards a 1999. Bugu na uku a 2000 da na huɗu a 2008 sun ba mai son lissafi abin da zai yi ta taunawa, amma ƙirƙirar jarumi ta zama aikin gida. Bugu na huɗu ya raba kan jama'a har wasan Pathfinder na kamfanin Paizo, wanda ya fito a 2009 a kan dokokin bugu na uku, ya yi wasu shekaru yana gaban uban gidansa a shagunan wasa.

Bugu na biyar, na 2014, da gangan aka sauƙaƙa shi. Misali ɗaya ya isa. A da, in jaruminka yana kan tudu, abokin gaba yana cikin duhu, ga wani sihiri a jikinka, sai ka tara ƙananan lambobi ka ɗebe wasu kafin ka san abin da kake nema. A sabon tsari, in yanayi yana tare da kai ka jefa ƙwaya biyu ka ɗauki babba, in yana gāba da kai ka ɗauki ƙarama. Shi ke nan. Aka saki ainihin dokokin kyauta a intanet, aka kuma sayar da akwatin masu koyo a kan dala 20. Sai sa'a ta biyo baya. A 2015 wasu masu aron murya a fina-finan zane, ƙarƙashin jagorancin Matthew Mercer, suka fara nuna wasansu kai tsaye da sunan Critical Role. A 2016 shirin Stranger Things na Netflix ya buɗe da yara suna wannan wasa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da Critical Role ta nemi gudummawar masoya a 2019 don yin fim ɗin zane, sama da dala miliyan 11 aka tara. Kullen korona a 2020 ya tura dubban teburori zuwa dandalin intanet irin su Roll20 da Discord. A watan Janairun 2025 wani shirin makamancinsa, Dimension 20, ya cika zauren Madison Square Garden na New York da mutanen da suka sayi tikiti don su kalli wasu suna jefa ƙwaya.

To, me 'yan gani-kashe-ni suke kuka da shi? Suna cewa sabon ɗan wasa yakan yi wata shida bai karanta shafi biyun da suka shafi jaruminsa ba, kullum sai an tuna masa wace ƙwaya zai jefa. Suna cewa yakan aiko saƙo saura awa ɗaya a fara ya ce ba zai samu zuwa ba. Suna cewa ya kalli ƙwararrun 'yan wasan kwaikwayo a allo, ya zo yana jiran abokinsa mai jan wasa, wanda akanta ne, ya yi masa murya goma sha biyu. Duk waɗannan suna faruwa, kuma suna da ciwo. Amma ka lura da wanda ciwon yake sauka a kansa. Ba wasan ne yake jin jiki ba, ba kuma kamfani ba. Mutum ɗaya ne, wanda ya kwana yana shiri.

Nan ne gizo yake saƙar. Wannan wasa ba kamar kati ko dara ba ne da kowa yake ɗaukar kaya daidai da na ɗan'uwansa. Mai jan wasa shi ake sa ran ya mallaki manyan littattafai uku, kowanne shafi ɗari uku ko kusa da haka, kowanne kuma wajen dala 50. Shi zai shirya labarin mako, ya zana taswira, ya auna ƙarfin dodanni kada su kashe kowa a banza kada kuma su zama abin wasa. Sau da yawa shi ne mai masauki, shi ne mai bin mutane da waya don a tsayar da rana, shi ne mai sulhu in biyu sun saɓa. Sauƙin da bugu na biyar ya kawo kuwa, ɓangaren ɗan wasa ya fi shafa. Wurare da yawa da tsofaffin bugu suka tanadi doka, sabon ya ce mai jan wasa ya yanke hukunci da kansa. Ga gwani wannan 'yanci ne. Ga wanda yau ya fara, an miƙa masa alƙalanci ne ba tare da kundi ba. Littafin jagorar masu jan wasa na 2014 ma da yadda ake ƙirƙirar duniya da alloli da sammai ya fara, bayanin yadda ake tafiyar da zama a tebur sai a babi na takwas. Mutumin da abokansa za su zo ranar Juma'a ba tsarin sammai yake nema ba.

Saboda haka yawan 'yan wasa ya ninka, amma yawan masu ja bai bi shi da gudu ɗaya ba. Duk inda ake haɗa tebur, a shago ne ko a intanet, labarin ɗaya ne: mai jan wasa ya yi shelar kujera biyar, masu nema su yi masa yawa. Ɗan wasa biyar da ba su da mai ja ba tebur ba ne, masu sha'awa ne kawai. Ƙarfin wannan sha'ani ba a auna shi da adadin waɗanda suka taɓa jefa ƙwaya, ko da kamfani ya ce sun haura miliyan 50. Ana auna shi da adadin waɗanda suka yarda su zauna a kujerar da ke da wahala, da kuma tsawon lokacin da suke jurewa kafin su gaji.

Hasbro ta ga wannan lissafi na ɗaya cikin biyar, amma ta karanta shi ta fuskar aljihu. A 2022 ta sayi dandalin D&D Beyond, inda ake samun littattafan wasan da takardun jarumai a intanet, a kan dala miliyan 146.3, da niyyar kowane ɗan wasa ya zama mai biyan kuɗin wata, mai sayen 'yan kayan ado na jaruminsa kamar yadda ake yi a wasannin bidiyo. A watan Janairun 2023 kuma aka bankaɗo shirinta na soke lasisin da tun 2000 ya ba ƙananan kamfanoni damar buga littattafan da suka dace da wasan, tare da neman kashi 25 cikin ɗari daga cinikin da ya haura dala 750,000. Waɗanda suka tayar da ƙura ba 'yan jefi-jefi ba ne, yawancinsu ba su ma san akwai wani lasisi ba. Masu jan wasa ne, waɗanda suke dogara da waɗancan littattafai don rage wa kansu aiki, kuma su ne masu rijistar wancan dandali da za a iya sokewa. Suka yi ta sokewa. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, har ya saki ginshiƙin dokokin ƙarƙashin lasisin Creative Commons wanda ba ya iya karɓewa. Teburin kwamfuta mai siffofi masu motsi da kamfanin ya daɗe yana tallatawa, Sigil, ya fito a farkon 2025, ba a yi wata biyu ba aka sallami mafi yawan masu aikinsa. Ɗan jefi-jefi yana son wasan ne daidai saboda ba ya neman komai a wurinsa sai ya zo. Ranar da aka ce sai ya biya kuɗin wata, yana da abubuwa goma da za su cike masa daren.

Kasuwa dai ba ta barin giɓi. Dandali irin StartPlaying, wanda ya fara a 2020, yana haɗa 'yan wasa da masu jan wasa na haya, kujera ɗaya a zama ɗaya yawanci dala 15 zuwa 30. Wasu tsofaffin hannu suna ganin wannan abin kunya ne, kamar a ce ka biya mutum ya zama abokinka. Ban ga laifinsa ba, aiki ne ake biya, kuma aikin na gaske ne. Damuwata da shi daban ce: wanda ya saba biya ya zama mai sayen hidima, kuma mai sayen hidima ba ya cika tunanin wata rana shi zai koma bayan kanta. A teburin abokai kuwa, ranar da mai ja ya ce ya gaji, dole wani ya ce to bari in gwada. Yawancin masu jan wasa haka aka same su, ba don sun shirya ba. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023 a kan dokokin bugu na biyar, ya nuna ɗaya ƙarshen hanyar: miliyoyin mutane sun samu ɗanɗanon abin ba tare da wani ɗan Adam ya kwana yana musu shiri ba. Masu ƙera manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma wannan kujera suke hari. In na'ura ta iya jan wasa daidai gwargwado, 'yan jefi-jefi da yawa za su wadatu da ita, kuma ba za a zarge su ba.

Akwai ƙorafi ɗaya na 'yan gani-kashe-ni da nake ganin ya fi sauran nauyi, ko da yake ba shi aka fi ɗaga murya a kai ba. Sabon shiga wasa ɗaya ya sani, kuma da ƙyar ya koye shi, don haka ba ya son jin labarin wani. Alhali wasannin da suka fi dacewa da shi suna can gefe ba ya ganinsu. Fiasco na Jason Morningstar, na 2009, ba ya buƙatar mai ja sam, ana gama shi a zama ɗaya. Lasers & Feelings na John Harper dokokinsa shafi ɗaya ne tak. Shadowdark na Kelsey Dionne, wanda ya tara sama da dala miliyan ɗaya a 2023, ya koma wa salon da: a ƙirƙiri jarumi cikin 'yan mintuna, a shiga kogo, a fito. Tun 2007 wani mai tsara wasa, Ben Robbins, ya bayyana tsarin da ya kira West Marches, inda 'yan wasa suke da yawa, babu ranar dindindin, su ne ma za su haɗa kansu su nemi mai ja ya ba su lokaci. Sabon suna ne aka ba abin da Gygax ya rubuta a 1974.

Japan ta nuna cewa ana iya gina kasuwa gaba ɗaya a kan wannan. A can ba Dungeons & Dragons ne sarki ba, Call of Cthulhu ne, wasan ban tsoro da kamfanin Chaosium na Amurka ya fitar a 1981. Dokarsa a bayyane take: in gwanintarka a wani abu 60 ce cikin ɗari, ka jefa ƙwaya, in ta ba da 60 ko ƙasa ka yi nasara. Labaransa gajeru ne, dare ɗaya ko biyu, masu sha'awa suna rubuta su suna sayarwa da arha a intanet, mai ja ya saya ya karanta ya ja, ba sai ya ƙirƙiri duniya ba. Tun 1989 ma wasan Sword World ya fito a can a matsayin ƙaramin littafin aljihu, ana buga shi da ƙwaya biyu masu fuska shida da ake samu a ko'ina. Al'adar karanta rubutaccen zaman wasan wasu kuma tun shekarun 1980 take a mujallunsu, shekaru talatin kafin Amurkawa su fara kallon Critical Role. Ma'aikacin Tokyo da ba shi da kowace Asabar ta shekara yana da dare ɗaya a wata, kuma an yi wasan daidai da wannan daren.

Alamu sun nuna Wizards ta fara jin kiran, ko da a makare. Sabon littafin jagorar masu jan wasa na Nuwamban 2024 ya juya tsarin na 2014: abubuwan farko da yadda ake tafiyar da zama suka koma gaba, ƙirƙirar sammai ta koma baya. Akwatin masu koyo na Satumban 2025, Heroes of the Borderlands, wanda aka gina a kan wani tsohon labari da Gygax ya rubuta wa masu koyo a 1979, an raba shi ƙananan littattafai ta yadda 'yan tebur za su iya karɓa-karɓar kujerar mai ja, kowa ya ɗanɗana ba tare da ya ɗauki nauyin shekara ba. Wannan, a ganina, ya fi duk wani teburin kwamfuta muhimmanci ga shekaru goma masu zuwa, domin shi ne karo na farko cikin dogon lokaci da kamfanin ya kalli mutum huɗun nan ya ga masu jan wasan gobe maimakon masu biyan kuɗin wata. Sai dai an cika akwatin da katuna da taswirori da 'yan alamomi, farashinsa ya kai dala 50, ninki biyu da rabi na wanda ya shigo da jama'a a 2014. Yaron da zai saye shi da kuɗin kashewarsa don ya gwada da abokansa, sai ya yi tunani sau biyu.